Lied: yanda ake faɗin kalmar waƙa a Jamusanci da abun da take nufi

Ƙanina ne ya jawo wannan rubutun. Wata huɗu kenan yana koyon Jamusanci sabida yana son tafiya karatun aikin jinya a can, to ran nan da daddare sai ga saƙon murya a WhatsApp, wai "Yaya dan Allah saurara ka ji ko bakina ya fara faɗawa", ya karanto min jimla guda daga littafinsu, Ich kenne das Lied, ma'ana na san waƙar. Komai ya tafi lafiya lau har ya iso kalmar ƙarshe sai ya ce "laid", da ai irin na kai ko rai. Na ce masa dakata, abun da ka faɗa yanzu ba waƙa bane, a kunnen Bajamushe ka ce masa ka san wahala ne. Kuma wallahi ba laifin yaron bane, Turanci ne ya riga ya zauna mana a ido tun firamare, duk kalmar da muka gani da haruffan boko sai mu karanta ta da dokar Bature ɗan Ingila, alhali a wannan kalmar bakin Bahaushe ya fi na Baturen Ingila kusa da daidai nesa ba kusa ba.

Ga amsar a taƙaice tukunna. Kalmar Lied ce, harafi huɗu, gaɓa ɗaya tak, ana faɗinta "liit". L ɗin irin namu ne na lafiya, ba wani naɗe harshe, sai i mai tsawo kaman wanda ke farkon kifi ko nisa, sai t a ƙarshe a datse. Jam'inta Lieder, ana cewa "liida". In wannan kawai kazo nema to ka samu. Amma fa kowane harafi a cikin kalmar nan akwai dalilin da yasa yake yin abun da yake yi, kuma in ka riƙe dalilin ba kalma ɗaya ka koya ba, ɗaruruwa ne suka buɗe maka.

Mu fara da ie ɗin nan na tsakiya dan shine ke kada mutane. A Jamusanci in ka ga i sannan e a jere, karanta shi i mai tsawo kawai, e ɗin ba a furta shi, aikinsa ya gaya maka ka ja i ɗin. In kuma suka juya, e ya riga i, wato ei, to shine ake karantawa ai. Kuma mun daɗe muna faɗin wannan daidai bamu sani ba. Man da muke zuba wa janareta da manyan motoci, dizal, sunan mutum ne, Rudolf Diesel, injiniyan Jamus ɗin da ya ƙirƙiro injin, ba wanda ya taɓa cewa "daizal" a gidan mai. Haka Siemens, duk wanda ya riƙe wayarsu a farkon zuwan salula ya san "si" ake farawa da shi ba "sai" ba, duk da su can s ɗin farko kaman z suke fitar da shi. A ɗaya ɓangaren kuma ga Leipzig da ƴan gidan kallo suka sani, "Laip" ake fara ta, ga Einstein da ake cewa "Ainshtain", ga shugaban ƙasarsu Steinmeier, "Shtainmaya", ei biyu a suna ɗaya duka ai.

Matsalar ita ce juya haruffan nan biyu ba ƙaramin kuskure bane, wata kalmar daban kake faɗawa ciki. Wien shine sunan babban birnin Ostiriya a bakin masu shi, "Viin", Wein kuma giyar inabi ce, "vain". To haka Lied da Leid. Leid ana faɗinta "lait", ma'anarta wahala, baƙin ciki, ciwon rai. Daga ita aka samu Mitleid wato tausayi, da Beileid wato ta'aziyya, da kalmar ban haƙurin da duk ɗan koyo ke haddacewa a satin farko, es tut mir leid. Jam'in ma bai tsira ba, Lieder waƙoƙi ne, amma leider, "laida", kalma ce da suke sakawa in za su faɗi abun da ba a so, kaman muce abun takaici ko sai dai kash. Kenan wanda ya karanta Lied da dokar Turanci, inda kalma mai irin wannan rubutun ke nufin an yi ƙarya kuma ake faɗinta da ai, kai tsaye ya sauka kan wahala.

Ga inda nake cewa mu Hausawa muna da rabo. Harshenmu tun asali yana bambanta wasali mai tsawo da gajere, gari da ake zama a ciki daban, gari da ake tuwo da shi daban, rubutu ɗaya ne amma ba Bahaushen da zai ruɗe in ya ji, sabida kunnensa ya saba auna tsawon wasali tun yana goye. Bambancin kawai mu bama nuna tsawon a rubutun yau da kullum, su kuma Jamusawa suna ƙoƙarin nunawa, wani lokaci da e bayan i, wani lokaci da h, wani lokaci su ninka wasalin. Shi yasa ni bana goyon bayan dabarar nan da wasu malamai ke koyarwa, wai ka kalli harafi na biyu ka faɗi sunansa da Turanci. Tana aiki, ban musa ba, amma zagaye ne, ka bar gidanku ka bi ta Landan kafin ka isa Balin. Riƙe shi da Hausa kawai: ie shine i na kifi, ei shine ai na kai.

To meyasa ma suke rubuta e ɗin da basa faɗa? Da can suna faɗa. A tsohon Jamusanci na sama da shekara 1,000 da suka wuce kalmar liod ce, daga baya wajen shekarun 1200 ta zama liet, kuma a lokacin da gaske wasali biyu ake ji, li sannan e a gurguje. A hankali mutanen tsakiyar ƙasar suka haɗe su suka zama i guda mai tsawo, baki ya canza amma alƙalami bai canza ba, e ɗin ya zauna a takarda ba aikin yi, sai marubuta suka ba shi sabon aiki na alamar tsawo har suka riƙa cusa shi a kalmomin da asali basu da shi, irin su viel da sieben. Sai dai a kula, a wasu kalmomin aro da sunayen ƙasashe ie ɗin na rabuwa biyu, Familie ana cewa "famiiliye", Italien kuma "itaaliyen". Waɗannan sai da sabo.

Yanzu d ɗin ƙarshe, wanda shi nafi son bayaninsa. Jamusanci na da wata doka a daidaitaccen harshe: b da d da g in suka zo ƙarshen kalma ko ƙarshen gaɓa, murya na ɗaukewa daga kansu su koma p da t da k. Suna kiran abun Auslautverhärtung, wato taurarar sautin ƙarshe. Ka ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ce da, za ka ji yana rawa, ka ce t shi kaɗai ba wasali, shiru za ka ji, to wannan rawar ce suke kashewa a ƙarshe. Kare Hund ne a rubuce amma "hunt" ake ji, yaro Kind "kint", rana Tag "taak". Dortmund da muke ta kira da d, su "Dortmunt" suke cewa, sunan ƙasar ma kanta Deutschland da t take ƙarewa a baki. Akwai garin Bielefeld da ya haɗa darasin biyu wuri guda, "Biilefelt". Har takai kalmomi biyu kan zama sauti ɗaya sak, Rad wato taya ko keke da Rat wato shawara, ba bambanci ko kaɗan sai a rubutu. Ita kanta Lied tana da irin wannan tagwayen, Lid, fatar ido, "liit" ita ma, sai dai jimla ta raba gardama.

Kuma abun ba baƙo bane gare mu in mun lura. Ahmad da Muhammad in suka je Turkiyya Ahmet da Mehmet suke komawa, maƙwabtanmu na Chadi ma Mahamat suke cewa kuma haka suke rubutawa. Yaren Holan da Rashanci da yaren Folan duk suna da wannan ɗabi'ar ta kashe muryar baƙin ƙarshe.

Sai mutum ya ce to tunda t ake faɗa meyasa ba za a rubuta t ɗin a huta ba? An taɓa yi ai, liet ɗin nan da na ambata da t suke rubuta ta. Daga baya aka zaɓi a bar tushen kalma da kamanni ɗaya duk inda ta shiga, dan mai karatu ya gane ƴan gida ɗaya ne. Sabida da zarar wasali ya biyo baya d ɗin na farfaɗowa: Lied "liit" amma Lieder "liida", Hund "hunt" amma Hunde "hunde", Kind "kint" amma Kinder "kinda". D ɗin na nan bai mutu ba, matsayi ne ke danne shi. Shi yasa Bundesliga ake jin d ɗinta raɗau duk da Bund ita kaɗai "bunt" ce. In kuma baƙi ne ya biyo baya t ɗin na nan daram, ƴar ƙaramar waƙa Liedchen ce kuma "liit" ake fara ta.

Inda Bahaushe ke zamewa daban ne, kuma gara in faɗa. Bakinmu baya son rufe kalma da baƙi, sai mun lanƙaya mata wasali, haka muka samu kati da yadi da burodi da minti. To in ba a kula ba "liit" sai ta koma "liiti", wannan kuma ba kalma bace a wajensu. Maganin na cikin Hausa shi ma: faɗi fari fat. Ka ji yanda t ɗin fat ya tsaya cak ba abun da ya biyo shi? Shi za ka ɗauko ka ɗora bayan lii. Da na gaya wa ƙanina haka sau biyu kawai ya maimaita ya kama.

Er ɗin ƙarshen Lieder kuwa ba doguwar magana, a daidaitaccen furuci r ɗin narkewa yake ya koma wani ɗan gajeren a, kaman yanda ake kiran Müller da Neuer a filin ƙwallo, "Mula" da "Noya" kusan. Kar ka kaɗa harshe. Ƙarfin murya kuma na kan gaɓar farko, LII-da.

Ɗan nahawu kaɗan kafin mu shiga ma'ana. Kullum da babban L ake rubuta ta ko a tsakiyar jimla ne, dan Jamusanci duk suna da babban harafi yake farawa. Mu a Hausa waƙa mace ce, su kuma jinsi uku gare su, namiji da mace da na ukun da ba ko ɗaya, to Lied a na ukun take, das Lied. In jam'i ne die Lieder. Duk kalmar da aka ƙera ta ƙare da lied ita ma das ce, sabida a haɗaɗɗiyar kalma ta ƙarshe ke riƙe da jinsi.

Toh ma'ana. A bakin Bajamushe na titi Lied waƙa ce kawai, kowace iri, ba wani girma ko ƙasaita a ciki. Abun da uwa ke rera wa jariri Wiegenlied ne, waƙar reno kenan. Na yara a makaranta Kinderlied, na soyayya Liebeslied, na coci Kirchenlied, na Kirsimeti Weihnachtslied. Irin waƙoƙin da aka gada kaka da kakanni ba a san wanda ya fara su ba, kwatankwacin namu na gaɗa da daka da niƙa, su ne Volkslied, waƙar jama'a, kalmar da wani malami Johann Gottfried Herder ya yaɗa a shekarun 1770 lokacin da ya tashi haiƙan yana tattara irin waɗannan waƙoƙin. Mawaƙin da ke rubuta baitinsa da kansa ya rera da jita, galibi kan siyasa da halin rayuwa, Liedermacher suke ce masa, maƙerin waƙa in ka fassara kai tsaye. Matasa kuma yanzu sun aro kalmar Turanci, der Song, suna kiran waƙoƙin zamani da ita, amma ko a nan in ka ce Lied ba wanda zai ce kayi kuskure.

Akwai wani wuri da Hausa da Jamusancin yau suka raba hanya, kuma mai fassara ya kamata ya sani. Mu waƙa ɗaya ce ta ɗauke duka, ta makaɗi da kalangu waƙa, wadda malami ya zauna ya tsara da ƙafiya a takarda ita ma waƙa, sai dai mu ƙara bayani muce ta baka ko rubutacciya. Su sun raba, wadda ake rerawa Lied, wadda aka rubuta dan a karanta Gedicht, shi kuma aikin rerawar kansa Gesang. Amma da can su ma abun a haɗe yake kaman namu. A tsakiyar zamani liet baiti guda take nufi, sai an tara baitoci ake samun cikakkiyar waƙa, kuma ƴar uwar kalmar a yaren Aisilan, ljóð, har gobe rubutacciyar waƙa take nufi. Shi yasa babban labarin jarumtarsu da aka rubuta wajen shekara ta 1200, mai baiti kusan 2,400, sunansa Nibelungenlied duk da yau karanta shi ake ba rerawa ba. Jarumin ciki ma sunansa Siegfried, gwada shi da dokokin da muka bi: ie biyu, g a ƙarshen gaɓa, d a ƙarshen kalma, "Ziikfriit".

Taken ƙasarsu ma da wannan kalmar ake kiransa, Das Lied der Deutschen, waƙar Jamusawa, ko Deutschlandlied. Hoffmann von Fallersleben ne ya rubuta baitocin a 1841 a tsibirin Helgoland, aka ɗora su kan karin da Joseph Haydn ya tsara tun 1797, ya zama taken ƙasa a 1922. Baiti uku ne amma tun 1991 na ukun kaɗai ne take a hukumance, na farkon ya ɓaci da zamanin Nazi, dan haka in kaje can kar ka ɗauko shi.

Yanzu ga inda ruɗanin yake, kuma nasan da yawa masu neman ma'anar kalmar nan daga nan suka haɗu da ita. In ka ga lied ko lieder a rubutun Turanci ko Faransanci, ba kowace waƙa ake nufi ba, wani nau'i guda ake nufi: rubutacciyar waƙar wani sha'iri da Jamusanci, wani masanin kiɗa ya ɗauka ya yi mata kari, mutum ɗaya ya rera, fiyano ɗaya ya raka shi. Kalmar ta fita waje sai ta tsuke. Mun san irin wannan a gida, ƙasida a Larabci doguwar waƙa ce ko ta yabo ko ta zambo ko ta soyayya, da ta shigo Hausa sai ta fi zama kan yabon Annabi, daga baya ma ƴan boko suka ja ta zuwa takardar da ake gabatarwa a taro. Ƴan uwanmu na Nijar kuma sun san chanson a Faransanci kowace waƙa ce, amma Bajamushe in ya ce Chanson wani salo na musamman yake nufi. To su Jamusawa in suna son ware wancan nau'in na fiyano sai su ce Kunstlied, waƙar fasaha, dan a bambanta ta da Volkslied.

Ba a maganar Kunstlied ba a ambaci Franz Schubert ba, kuma shi ba ɗan Jamus bane ma, ɗan Viyana ne a Ostiriya, abun na harshe ne ba na iyakar ƙasa ba. An haife shi 1797 ya rasu 1828, shekara 31 kacal, amma ya bar irin waɗannan waƙoƙin sama da 600. An yi kafin shi, Mozart da Beethoven duk sun taɓa, sai dai shi ya canza matsayin fiyanon. Ranar 19 ga Oktoba 1814, yana ɗan shekara 17, ya ɗauki wasu baitocin sha'irin Jamus Goethe inda wata budurwa ke zaune tana kaɗin zare a keken kaɗi tana tunanin saurayinta, sai ya sa hannun dama na mai fiyano yana ta juyawa ba tsayawa kaman keken, daidai inda ta tuna sumbar da ya mata kiɗan ya tsaya cak, dan ƙafarta ta daina taka keken, sannan a hankali ya sake tashi da ƙyar. Ba a faɗa maka da baki cewa ta shagala ba, kiɗan ne ya nuna maka. Shekara ɗaya bayan nan, 1815, ya yi Erlkönig, uba ne ya ɗauko ɗansa a kan doki cikin dare yaron na ganin wani sarkin aljanu na kiransa, mawaƙi ɗaya ke yin murya huɗu, mai ba da labari da uban da ɗan da aljanin, fiyano kuma na sukuwar doki tun daga farko har suka isa gida yaron ya riga ya cika a hannunsa. Na fara jin wannan ban san Jamusanci sosai ba amma sai da tsigar jikina ta tashi, kuma har yau in za a tambaye ni wacce mutum zai fara saurara ita zan ce.

A nan akwai bambancin da mai sauraron waƙar Hausa zai gane da wuri. Rubutattun waƙoƙinmu, irin na wa'azi da makafi ke rerawa a kasuwa, kari ɗaya ne ake maimaitawa kowane baiti daga farko har ƙarshe, kalmomi ke canzawa karin na nan. Jamusawa na da wannan, Strophenlied, kuma yawancin Volkslied haka suke. Ɗaya salon kuma suna ce masa durchkomponiert, wato an bi waƙar tun daga kai har ƙafa ana yi wa kowane sashe kiɗan da ya dace da abun da ke faruwa a cikinsa, in tsoro ya shigo kari ya canza, in an mutu ya canza. Labarin dokin nan a wannan salon yake. Ni a ganina ba wanda ya fi wani, kowanne da aikinsa, kari ɗaya shi ke sa jama'a su haddace su amsa, mai canzawa kuma na zama ne a yi shiru a saurara.

Meyasa abun ya bunƙasa a ƙarni na 19 ba wani lokacin ba? Abubuwa ne suka haɗu. Fiyano ya inganta ya kuma shiga gidajen masu matsakaicin hali, ga sha'irai birjik irin su Goethe da Heine, ga masu buga takardun kiɗa suna sayarwa, kuma ba ka buƙatar fada ko babban zaure, ɗaki ɗaya da mutum biyu sun isa. Abokan Schubert a falon gidajensu suke taruwa ya zauna a fiyano ana rerawa, har taron ya samu suna Schubertiade. An kuma riƙa jera waƙoƙi da yawa su ba da labari guda, na Schubert mafi shahara Winterreise, tafiyar hunturu, waƙa 24 a 1827. Robert Schumann kuma a 1840, shekarar da kotu ta ba shi damar auren Clara bayan mahaifinta ya ƙi, ya zubo sama da 100 a shekara guda, har ana kiran shekarar Liederjahr, wato shekarar waƙoƙi. Brahms da Hugo Wolf da Mahler da Richard Strauss suka ɗora. Mendelssohn ma ya yi wasu guda 48 na fiyano zalla ba murya ya kira su Lieder ohne Worte, waƙoƙin da ba kalmomi, wanda ke nuna maka a lokacin kalmar ta riga ta zama sunan wani yanayi na kari mai kama da rerawa. Har yau in ka ga an rubuta Liederabend a allon talla a Jamus, daren irin wannan waƙar ne, mutum ɗaya a tsaye ɗaya a zaune gaban fiyano.

Kalmar ta shiga karin maganarsu ma sosai, kuma ɗan koyo zai ji su a wurin aiki tun kafin ya ji Schubert. In mutum ya ce davon kann ich ein Lied singen, a zahiri zan iya rera waƙa a kan wannan, nufinsa abun ya taɓa cin shi, ya san zafinsa, ba labari aka ba shi ba. Immer dasselbe Lied, kullum waƙa ɗaya, ana faɗa wa mai maimaita ƙorafi ko halin da ya ƙi canzawa. Das Ende vom Lied, ƙarshen waƙar, shine yanda magana ta ƙare, galibi ba daɗi. Sai wata tsohuwa, wes Brot ich ess, des Lied ich sing, wanda nake cin burodinsa waƙarsa nake rerawa, wadda duk wanda ya san kowa ya ci ladan kuturu baya buƙatar a masa sharhinta. Duk a cikinsu "liit" ne, ba inda ya canza.

Da na gama yi wa ƙanina wannan bayanin sai ya ce "to Yaya in na je can duk haka zan ji suna faɗa?" Na ce a rediyo da talabijin da aji da wajen jarabawa eh, kuma in yana son kunnensa ya saba ya riƙa sauraron yanda ma'aikatan sashen Hausa na DW da ke zaune a Bon ke kiran sunayen garuruwan Jamus, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma asibitin da yake nema a jihar Bavariya yake, can kudu, kuma mutanen kudu basu bi ƴan tsakiya wajen haɗe wasulan nan biyu ba. A karin harshen Bavariya da Ostiriya har yau "Liad" suke cewa, a Suwizalan ma ana jin e ɗin a fili, kusan yanda ake faɗinta shekara 800 da suka wuce. Na ce masa in wata tsohuwa a gadon asibiti ta ce masa "Liad" kar ya ɗauka wata sabuwar kalma ce, waƙa take nufi, shi dai ya amsa mata da "liit" ɗinsa za ta gane.